Amsar Takardunku: Kayan Gida Da Makaho Zai Sarrafa Da Kansa

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Gumel. Ya ce idon mahaifinsa ya rufe, yau shekara biyu ke nan. Ya sayo masa sabuwar waya irin ta shafawa, amma tsohon ya ture ta gefe, ya ce a mayar masa da tsohuwarsa. Shi ne yake tambaya, shin akwai kayan da ake ƙerawa domin makafi, ko kuwa sai haƙuri?

To Malam, akwai su, kuma Baba yana da gaskiya. Wanda ba ya gani, yatsa da kunne su ne idonsa. Saboda haka ƙa'idar masu ƙira ɗaya ce: duk abin da na'ura za ta nuna wa ido, to ta faɗa wa kunne, ko ta bari yatsa ya ji. Ɗauki tsohuwar wayar ka shafa lamba 5, za ka ji wani ɗan tudu a kanta. Da gangan aka sa shi. In yatsa ya same shi, ya san 2 na sama, 8 na ƙasa, 4 na hagu, 6 na dama. Ita kuwa ta shafawa sumul take kamar madubi, ba inda yatsa zai kama.

Wannan hikima ta daɗe. Wani Bafaranshe, Louis Braille, wanda aka haifa a 1809, ya makance tun yana yaro, ya kuma tsara rubutun makafi na ɗigo shida yana ɗan shekara 15. Tun 2005 doka ta tilasta a riƙa buga sunan magani da wannan rubutu a jikin kwali a ƙasashen Tarayyar Turai. Akwai kuma agogo mai faɗin lokaci da baki, da sikeli mai faɗin nauyi, da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a bakin kofi, ta yi ƙara in shayi ya kusa cika. Ita ma wayar shafawa tana da muryar da ke karanta abin da yatsa ya taɓa, TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone. Sai dai yawanci Turanci take yi, kuma sai an zauna an koya.

Amma kada ka jira kayan Turai. Abin da ya fi hatsari yana cikin gidanka, watau maganin feshi na gona. Kada a kuskura a juye shi a kwalbar lemo ko ta ruwa. A kulle shi nesa da ɗakin Baba. Maganin shansa kuwa, ka ɗaura wa na safe zare mai ƙulli ɗaya, na dare mai ƙulli biyu. Rediyo ka nemi mai murɗawa, ka ɗiga gam a daidai tashar da yake so. Kuɗi a riƙa naɗe masa ɗari biyar daban, dubu daban, don kada a cuce shi a kasuwa. A ja igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa makewayi. Buta da sanda da takalmi kuma kowanne ya zauna wuri ɗaya, a ja kunnen yara kada su gusar.

In za ka sake sayen wani abu, tafi da shi kasuwa ya lalluba da hannunsa. In bai samu zuwa ba, rufe idonka ka gwada kunnawa da kashewa. In ka kasa, shi ma zai sha wuya, ka bar wa mai kanti kayansa.

Abu na ƙarshe, ba kowace makanta ce ba ta da magani. In yana ce ta rufe idon, aiki ake yi a cire ta, mutum ya koma gani. Ka kai Baba asibitin ido mafi kusa, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, likita ya duba.

Allah ya ba shi lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri. Sai mun ji daga gare ku, jama'a. A huta lafiya.