Kuɗin taimakon mata: me ke ragewa bayan tafiyar furoje?

Ga cikakken bayanin laccar da aka gabatar a gaban wakilan ƙungiyoyin mata albarkacin zagayowar ranar 13 ga watan Mayu, ranar matan Nijar.



Kowace shekara idan wannan rana ta zagayo, akan ɗinka zane iri ɗaya, a yi jawabai, a yi godiya ga ƙasashe masu hannu da shuni bisa tallafin da suke bai wa mata, sannan kowa ya kama gabansa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne lissafi: kuɗin nan da ake ambata, nawa ne ke isa hannun matar karkara, kuma me ke rage mata ranar da masu ba da shi suka naɗe tabarmarsu? Wannan tambaya ta fi kowane lokaci nauyi a yau, domin rijiyar da aka saba ɗiba ta soma janyewa.

Ya kamata a fara tuna asalin ranar. A shekara ta 1991, lokacin da ake shirin babban taron ƙasa, an kafa kwamitin share fage, aka sa mace ɗaya tak a cikinsa. Ranar 13 ga watan Mayu mata suka fito titunan Yamai, malaman makaranta da ma'aikata da ƴan kasuwa da ɗalibai, suka ce ba za a yanke makomar ƙasa a bayan idonsu ba. Hukuma ta ba da kai, aka ƙara musu kujeru 5. Ba wata hukumar ƙetare ce ta kira su ba, kuma ba a raba musu kuɗin zama ba. Sun fito ne don abin ya shafe su, shi ya sa har yanzu ake tunawa da shi.

A fagen duniya kuwa, alkawari bai taɓa yin ƙaranci ba. Tun shekara ta 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ƙasashe masu arziki su riƙa ware kashi 0,7 cikin 100 na arzikin da suke samu a shekara domin taimakon ƙasashe masu tasowa, kuma ƙasashe ƴan ƙalilan ne suka taɓa cika wannan ƙa'ida. An yi taron mata na duniya a Meziko a 1975, an yi a Nairobi a 1985, an yi a Bejin a 1995. A taron Paris na 2021 an yi shelar alkawarin dalar Amurka miliyar 40 domin daidaita matsayin mata da maza. To amma lissafin ƙungiyar OCDE, wadda ita ce ke tattara alƙaluman ƙasashe masu ba da taimako, ya nuna cewa abin da ke shiga hannun ƙungiyoyin kare haƙƙin mata kai tsaye bai kai kashi 1 cikin 100 na taimakon ba. Sauran yana bin hanyar gwamnatoci da manyan hukumomi da kamfanonin masana.

Duk wanda ya zauna a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya san yadda wannan hanya take. Ana rubuta takardar furoje da Faransanci a wani babban birnin Turai, a ɗauko masani ya zo ya yi mako biyu yana bincike, a kama gidan haya a Yamai, a sayi motoci kat-kat, a ɗauki direbobi da masu gadi, a shirya tarurrukan ƙara wa juna sani a otel, a biya kuɗin zama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hujjarsa a takarda, kuma akwai ma'aikatan furoje masu gaskiya da suka ba da ƙuruciyarsu a ƙauyuka. Amma kafin kuɗin ya gangaro ya kai ga matar da aka rubuta sunanta a shafin farko, ya riga ya rame. Abin da take gani shi ne injin niƙa ko tunkiyar kiwo, da allon ƙarfe a bakin gari mai ɗauke da tutar wata ƙasa. Bayan shekara 3 ko 5 wa'adin furoje ya cika. Ranar da wani ƙarfe ya karye a cikin injin, babu kuɗin gyara, babu wanda aka koya wa gyaran, kuma babu wanda ya san ko injin na wane ne. Sai mata su koma ga turmi da taɓarya, allon kuwa yana nan tsaye.

Akwai matsala ta biyu wadda ta fi wannan girma, wato kuɗin ƙetare yana tafiya ne da iskar siyasa. Bayan juyin mulkin 27 ga watan Janairu na 1996, masu ba da taimako sun dakatar da shi. Haka aka yi a 1999 bayan kisan shugaba Ibrahim Bare Mainasara, haka aka yi a 2009 lokacin rikicin tazarce, haka kuma aka yi bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023, inda Tarayyar Turai da Faransa da Jamus suka tsayar da tallafinsu. Kowa na iya kawo hujjarsa game da waɗannan al'amura, amma matar ƙauye da ajinta na yaƙi da jahilci ya rufe ba ta cikin waɗanda suka yi juyin mulki, ba ta kuma cikin waɗanda suka yanke hukuncin takunkumi.

Ba rikicin Nijar kaɗai ke toshe bututun ba. Ingila ta rage taimakonta daga kashi 0,7 zuwa 0,5 a 2021, kuma a 2025 ta ba da sanarwar za ta sake rage shi zuwa 0,3 domin ƙara kuɗin soja. Suwidin, wadda a 2014 ta yi shelar cewa haƙƙin mata ne ginshiƙin siyasarta ta ƙetare, ta yi watsi da wannan take a 2022 da aka canza gwamnati. A watan Janairu na 2025 shugaba Donald Trump ya dakatar da taimakon Amurka na kwana 90, aka soke mafi yawan ayyukan, kuma a farkon watan Yuli aka rufe hukumar USAID, wadda ta shekara fiye da 60 tana aiki. Masu jefa ƙuri'a a wata nahiya suna iya rufe gidan haihuwa a wannan nahiya ba tare da sun taɓa jin sunan garin ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Duk da haka, kuskure ne a ce kuɗin ƙetare bai taɓa haifar da abin kirki ba, kuma babbar shaida tana cikin jihar Maraɗi. A shekara ta 1991, shekarar da matan Yamai suka yi tattaki, ƙungiyar CARE ta soma wani ƙaramin aiki a ƙauyukan Maraɗi da tallafin reshenta na ƙasar Norwe, ƙarƙashin jagorancin wata baturiya mai suna Moira Eknes. Sunan aikin Mata Masu Dubara. Lokacin kuwa lokaci ne na tsanani: bankin raya ƙasa na BDRN ya durƙushe a 1990, albashin ma'aikata yana makara wata da watanni, kuma babu bankin da zai ranta wa matar da ba ta da takardar fili, ba ta iya sa hannu ba.

Dubarar ta samo tushe ne daga adashe, wanda mata suka sani tun kaka da kakanni. Mata 25 zuwa 30 suna haɗuwa mako-mako, kowace ta zuba abin da suka amince a kai, ko dala 10 ne ko dala 20, wato sefa 50 ko 100. Kuɗin yana shiga akwatin ƙarfe mai makullai 3, kowane mabuɗi a hannun mace daban, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Bambancinsa da adashe shi ne ba a kwashe kuɗin a bai wa mutum ɗaya. Wadda take da bukata tana karɓar rance, ta sayi gyaɗa ta yi mai da ƙuli-ƙuli, ko ta sayi akuya, ko ta kai yaro likita, sannan ta mayar da ɗan ƙarin da su da kansu suka yanke. Idan shekara ta kewayo sai a fasa asusu, kowace ta ɗauki abin da ta zuba tare da rabonta na ƙarin.

Abin lura a nan shi ne furoje bai zuba ko dala ɗaya a cikin akwatin ba. Kuɗin Norwe ya tafi ne wajen biyan masu horarwa, waɗanda ke zama da ƙungiya na ƴan watanni har ta iya tafiyar da kanta, sannan su wuce wani gari. Daga baya matan ƙauyen da suka ƙware suka riƙa horar da maƙwabta. Saboda haka faɗuwar darajar sefa ta watan Janairu na 1994, wadda ta raba ƙarfin kuɗin gida biyu, ba ta rufe asusun ba, juyin mulki bai rufe shi ba, takunkumi bai rufe shi ba. Wannan tsari da aka haifa a Maraɗi ya bazu zuwa Mali da Zimbabuwe da Uganda da Zanzibar da ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya, kuma miliyoyin mutane ke amfani da shi. Har ila yau, a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, matan da suka koyi magana a bainar jama'a wajen zaman asusu sun tsaya takara, wasu kuma sun zama kansiloli.

Sai dai kada a ɗora wa akwatin kayan da ya fi ƙarfinsa. Shekarar da damina ta ƙi, dukan matan ƙungiya ne ke neman rance lokaci guda, kuma babu mai iya zubawa. Asusu ba ya gina makaranta, ba ya biyan ungozoma. A kudancin Maraɗi, inda jama'a ta yi yawa ƙasar noma ta yi kaɗan, mata da dama sun rasa gamanar da a da miji kan yanka musu, kuma ko da yake shari'ar Musulunci ta bai wa ɗiya mace rabonta na gado, sau da yawa idan aka zo kan gona sai ƴan'uwa maza su riƙe. Dokar karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin mallakar fili bisa al'ada ko bisa takarda, amma matar da ba ta san da dokar ba, ba za ta nemi komai da ita ba. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Waɗannan al'amura ne na doka da makaranta da kasafin kuɗin ƙasa.

A nan ma tarihi yana da abin koyarwa. Dokar kaso ta shekara ta 2000, wadda ta tanadar wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na manyan muƙaman naɗi, ƙungiyoyin matan ƙasa ne suka yi ta nemanta, kuma ta yi aiki: majalisar dokokin da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya ce a cikin ƴan majalisa 83, ta 2004 kuwa mata 14 ne cikin 113. An ƙara kason a 2014, aka sake ƙara shi a 2019. Amma kundin dokar iyali, wanda jama'a da yawa suka ɗauka kayan baƙi ne, ya ci karo da adawar ƙungiyoyin addini tun shekarun 1990 bai kuma samu wucewa ba, haka nan majalisa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka a 2006. Duk gyaran da aka ga alamar an biya kuɗinsa daga waje, aka kuma kawo shi cikin harshen da talaka ba ya ji, abokan adawarsa ba sa shan wahala wajen kayar da shi.

Daga wannan bayani, akwai kira ga ɓangarori uku. Masu ba da taimakon da suka rage su ba ƙungiyoyin mata na cikin gida kuɗin kai tsaye, na tsawon shekaru, ko da kaɗan ne, kuma su yarda a rubuta rahoto da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek ko Barbarci. Su sa kuɗinsu a horo da karatu da sanin doka, abubuwan da ba sa komawa cikin mota ranar rufe furoje. Kafin a kafa allo a bakin gari, a tambayi matan garin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hukumomin ƙasa kuwa, ko wane ne ke riƙe da mulki, su sani cewa ƙasar da ke da yuraniyom da zinariya da man fetur ba ta da hujjar barin karatun ƴaƴanta mata a hannun baƙi. Wanda ya yi maganar ƴancin kai, kasafin kuɗinsa ne zai gaskata shi: nawa aka ware wa makarantun kwana na ƴan mata, nawa aka ware wa gidajen haihuwa, nawa kuma aka kashe a zahiri. Haƙƙin ƴan jarida ne su nemi waɗannan alƙaluma su buga su.

Su kuma shugabannin ƙungiyoyin mata na birane su dubi kansu. Ƙungiyar da ba ta karɓar kuɗin wata-wata daga membobinta, wadda ba ta yin taro sai an samu mai biyan kuɗin zama, ranar da furoje ya tafi ita ma ta tafi. Matan ƙauyen da ba su taɓa shiga aji ba sun shekara fiye da 30 suna buɗe akwatinsu a gaban kowa, suna ƙirga kuɗinsu da babbar murya. Ba abin kunya ba ne masu digiri su koyi wannan daga gare su.

Allah ya ba matan Nijar lafiya da wadata, ya ba ƙasa damina mai albarka da zaman lafiya.