Yini Guda a Cikin Badala: Inda Za Ka Ci, Ka Sha, Ka Yi Sayayya a Tsohon Birnin Kano

 Yau cikin birnin Kano za mu shiga, cikin badala, tun daga Ƙofar Mata har gindin Dala. Za mu duba inda mutum zai karya kumallo, inda zai jiƙa maƙoshi, da inda zai kashe kuɗinsa ya koma gida bai yi da-na-sani ba.

Me ya sa muka ɗauko wannan? Da yawanmu idan aka ce fita yawo a Kano, tunaninmu Ado Bayero Mall ko gidajen cin abinci na Nassarawa. Baƙo kuma daga Zariya ko Maraɗi ko Kumasi, da ya gama sarin atamfa a Kantin Kwari sai tasha. To alhali a cikin birni akwai masu sana'ar da suka gada kaka da kakanni, kuma ciniki ne kaɗai ke riƙe da su. Ranar da mai saye ya daina zuwa, ɗan marini zai ajiye rini ya kama tuƙin adaidaita, kuma ba mai ganin laifinsa. Don haka maganar yau ta cin daɗi ce, amma akwai sauran magana a ƙarƙashinta.

Abu na farko, sunayen unguwanni su ne taswirarku. Soron Ɗinki, maɗinka. Dukawa, masu aikin fata. Cediyar 'Yan Gurasa, ai ba sai an yi muku fassara ba. Agadasawa mutanen Agadas ne, ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Dandalin Turawa inda Larabawan fatake suka zauna, don a da Larabawa ake kira Turawa. Kowa da abin da ya zo da shi, shi ya sa abincin cikin birni da kayan kasuwarsa suka tara hannu da yawa.

Ku fito da sassafe, kuma ku bar mota a waje. Lungunan nan da ƙafa ake shigarsu, ko adaidaita ya ajiye ku a bakin titi. Kada ku ci komai a gida. Da safe a bakin lunguna za ku tarar da masu koko da ƙosai, masu waina da miyar taushe, masu ɗanwake da mai da yaji. Yadda ake gane mai kyau abu ne mai sauƙi: duba inda yaran unguwa suka yi layi da kwanuka a hannu. Matar da maƙwabtanta ke saye a wajenta kullum ba za ta yi wasa da sunanta ba. Kuma ka ci abin da aka kwashe daga wuta a gabanka, da zafinsa.

Daga nan sai karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Safiya ce lokacinsa, kafin rana ta yi zafi. Abin da ke cikin ramukan nan baba ne da toka da ruwa, a bar su makonni su ruɓa kafin a fara rini. Ku tsaya ku kalli yadda ake yi. Marini zai tsoma yadi, ya ɗago shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Yana fitowa da ɗan kore-kore, iska na dukansa sai ya koma shuɗi a kan idonka. Yawan tsomawa, yawan duhun launi. Zanen da kuke gani a jiki kuwa, yawanci mata ne ke ƙulla shi da zare a cikin gidaje kafin a kawo karofi. Ke nan zane ɗaya da ka saya ya ciyar da mai ƙulli, da marini, da mai bugu, wato masu dukan yadi da katako har ya yi sheƙi.

Amma za ku ga wani abu da zai sosa muku rai: ramuka da yawa a bushe suke, wasu shara ta cike su. Yadin kamfani mai araha da ake shigowa da shi daga waje ya ci kasuwar. Ku tuna fa, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a nan suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. To idan za ku saya, ku saya a nan bakin rami. Rinin baba na gaske yana da ɗan wari nasa, kuma sabo yakan ɗan zuba a hannu idan ka murza. Wankin farko a yi shi daban, da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.

Kuna barin karofi ku nufi wajen fada. Gidan Rumfa na nan, ga babban masallaci, ga Gidan Makama wanda yanzu gidan tarihi ne. Ku ba shi ko da awa ɗaya, don abin da za ku gani a ciki zai sa ku fahimci kasuwar da za ku shiga. In Juma'a ce, ku sani wajen yana cika tun kafin azahar, ku tsara tafiyarku.

Yauwa, sai Kasuwar Kurmi. An kafa ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Nan ayarin raƙuma ke sauke gishiri da kanwa da kayan Arewacin Afirka, su ɗauki fata da tufafi. Kuma gaskiya ɗaya ce, an sayar da bayi a kasuwar nan, wannan ma tarihinmu ne, bai kamata mu tsallake shi ba.

Kurmi layi-layi take, kowace sana'a da ɓangarenta, hanyoyin kuma matsattsu. Za ka ɓata, wannan dole ne, amma matambayi ba ya ɓata har abada. Me za a saya? Na farko kayan fata: jaka, takalmi, tumtum, gafaka. Jar fatar akuyar ƙasar nan ita ce Turawa suka riƙa kira fatar Maroko, saboda ta can take bi ta isa gare su. Da bagaruwa ake jeme ta. Idan za ka saya, shinshina, sannan ka juya cikin. Fata tana da ƙamshinta kuma bayanta da ɗan kaushi, ta roba kuwa bayanta kamar yadi yake, kuma ba ta daɗewa take fara ɓarewa. Duba ɗinkin hannun jaka, don nan take fara mutuwa.

Akwai layin kayan doki, sirdi da linzami da likkafa, inda ake cika gab da hawan sallah. Ko ba ka da doki, je ka ba idonka abinci. Akwai masu ƙwarya da faifai da tabarma, masu huluna, masu allo da tawada da littattafan addini da na ajami. 'Yan'uwa mata, ga turaren wuta da tsakiya, ga kayan yaji: kanumfari, citta, masoro, kimba. Shawara a nan, ki sayi kayan yaji ɗanyensu ki kai niƙa da kanki. Garin da aka riga aka niƙa ba ki san me aka haɗa a ciki ba. Turare kuma ki ce a ɗora miki kaɗan a garwashi ki ji kafin ki biya.

Maganar ciniki. Fara da sallama da gaisuwa, kada ka faɗo wa dattijo da "nawa ne wannan?" Ka ce, "Baba, barka da kasuwa, ya ciniki?" Ya faɗi kuɗi, ka taya. In ya ce albarka, bai sallama ba ke nan, ka ƙara ko ka yi godiya ka wuce. In ka taya ya sallama, to ka saya, don tayawa a fasa abin kunya ne. Zagaya rumfa biyu ko uku kafin ka yanke shawara. In wani ya maƙale maka zai raka ka, ku yi magana tun farko kan abin da za ka ba shi, don in ba haka ba la'adarsa a cikin kuɗin kayanka za ta fito. Sannan ina roƙonku, a bambanta kayan kamfani da aikin hannu. Wanda ya kwana uku yana ɗinka jaka, kada ka matse shi har ya sayar a faɗuwa don yana neman cefanen yau. Mu da ba ma neman ragi a manyan kantuna, bai dace mu zo nan mu nuna ƙwarewa ba.

Yanzu rana ta take, yunwa ta dawo. Lokacin gurasa ya yi. Gurasa abincin da Larabawa suka zo da shi ne, Kanawa suka mai da shi nasu, kuma wajen Jakara, dab da Kurmi, ya yi suna da ita. A tanderu ake gasa ta, a manna ƙullun a jikin tukunyar mai zafi. Ka ce a yi maka bandashe: a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a zuba garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da yaji, a yanka albasa da tumatir. In da tsire a kusa, ka haɗa. Ba za mu ɓoye muku ba, magudanar Jakara tana wari, musamman da damina, don haka ku sayi abinku ku nemi wuri mai tsabta ku zauna.

Abin sha kuwa, fura da nono ce sarauniya. A dama a gabanka, kuma ka lura da ruwa da ƙanƙarar da ake zubawa, don yawancin ciwon ciki daga nan yake. Akwai zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi da lamurje. Kunun aya ba ya jure zafi, in ka ji ya fara tsami ka haƙura da shi. Ruwan sha kuma ka riƙe naka.

Bayan la'asar, idan ƙafa ta yarda, ku hau Dutsen Dala. Daga sama za ku ga birnin da kuka ratsa a shimfiɗe, ga Goron Dutse can gefe. Ku sauko kafin magariba. Ƙwacen waya matsala ce da kowa ya sani a Kano, don haka waya ta zauna a aljihu a cikin lungu, kuma a tafi mutum biyu ko uku. Hoto ma, a nemi izini kafin a ɗauki mutum, balle mata da ƙofar gidajen mutane. Nan unguwa ce da jama'a ke rayuwa a ciki.

Tsarabar ƙarshe, kilishi, kuma Agadasawa ta yi suna a kansa. Ku ɗanɗana kafin a naɗe muku. Mai kyau a bushe yake, siriri, ba ya warin tsohon mai. Masu son zaƙi kuma su tambayi inda mata ke yin alkaki da nakiya da dubulan, don yawanci a cikin gida ake yinsu, sai an yi sallama.

Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana, don ba kowace mai waina ke karɓar tiransifa ba. Kuma ga aikin da muka ba ku: in kun je, ku sayi ko da abu ɗaya daga hannun wanda ya yi shi, ku tambaye shi wa ya koya masa, ku karɓi lambarsa don abokanku. Kanawan cikin birni kuma, mun san mun tsallake wurare da yawa, ku gaya mana lungun da ya fi kowanne iya waina.