Fara Gudu Bayan Shekara Arba'in

(Jawabin da ma'aikacinmu na sashen raya karkara ya yi a taron haɗin gwiwa na zumuntar maza da zumuntar mata, bayan girbi.)

 

Kun saba ji ina magana a kan rijiya, da taki, da ajiyar hatsi, da adashe. Yau na zo da maganar gudu. Na ga Baba a can baya yana dariya, kuma na san abin da ke ransa: a ƙauye, in ka ga dattijo yana gudu, to ko gobara ce, ko akuya ta shiga gona. Ku ba ni ɗan lokaci in faɗa maku dalilina.

Ina da kawu wanda ya yi shekara talatin yana noma da hannunsa. Da ya sami ɗan hali sai ya buɗe shago a bakin kasuwa, ya sayi babur, ya bar wa 'yan ƙwadago gona. Daga gida zuwa shago babur, zuwa majami'a ma babur. Ya yi tumbi, mu kuwa muna cewa hutu ne. Wata safiya ya faɗi a ƙofar ɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. A asibiti aka ce hawan jini ne, kuma ya daɗe da shi, ba a taɓa aunawa ba. An sayar da shanun huɗa, an sayar da masarar shekara, 'yarsa ta bar makaranta don jinya. Abin da muka yi shekaru muna tarawa ya tafi cikin wata uku. Shi ya sa nake ganin wannan magana ita ma aikin raya karkara ce.

Shin noma bai isa ba?

Wani zai ce, “Mu da muke kai da kawowa a gona, wane motsa jiki kuma ya rage?” Gaskiya ne, mai huɗa da shema da ɗaukar dami da damina jikinsa yana samun aikin da ya ishe shi. Haka ma uwar da ke zuwa rafi da daka kullum. Amma mu duba tsakaninmu. Akwai malaman makaranta, da masu shago, da teloli, da 'yan acaɓa, da waɗanda suka yi ritaya suka dawo gida. Inji ya karɓi niƙa, babur ya karɓi tafiya. Manomin ma, daga kaka zuwa saukar ruwa, sau da yawa zaman gindin bishiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 na motsi mai ƙarfi, kamar gudu. Kowa ya lissafa makonsa da kansa.

Amfanin ba boyayye ba ne. Zuciya tsoka ce, in ana sa ta aiki a kai a kai tana ƙara ƙarfi, jini kuma yakan ɗan sauka. Tsokar ƙafa in tana aiki tana janye sukari daga cikin jini, wannan taimako ne ga mai ciwon sukari da wanda yake dab da kamuwa. Ƙashi yana ƙara ƙwari, barci yana daɗi, damuwa tana raguwa.

Shin lokaci bai wuce ba?

Mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To ku ji labarin Fauja Singh, manomi daga jihar Punjab ta ƙasar Indiya. Bayan rasuwar matarsa da ɗansa, baƙin ciki ya yi masa yawa, ya koma Ingila wurin wani ɗansa. A can ya kama gudu. A 2000, yana da shekara 89, ya shiga gudun yada ƙanin wani na birnin Landan, mai nisan kilomita 42, kuma ya kai ƙarshe. A 2011 ya sake yin irinsa a Toronto ta ƙasar Kanada yana da shekara 100, cikin sa'a takwas da 'yan mintoci. Masu littafin bajinta na Guinness ba su rubuta shi ba domin ba shi da takardar haihuwa, kamar yawancin iyayenmu da ke zaune a nan. Ya rasu a 2025, mota ce ta buge shi a ƙauyensu.

Iyaye mata, ga taku. Priscilla Welch, 'yar Ingila, mai shan taba ce sosai kafin ta fara gudu tana da shekara 35. A 1987, tana da shekara 42, ita ta zo ta ɗaya cikin mata a babban gudun birnin New York na Amurka.

Ban kawo waɗannan don wani ya tashi gobe ya nufi kilomita 42 ba. Na kawo su ne domin mu san jiki yana iya koyon sabon aiki ko da furfura ta fito, muddin an bi shi a hankali.

Kafin a fara

Na ɗaya, a je a auna jini. Hawan jini ba ya sallama, kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. In awo ya nuna 140 bisa 90 ko fiye, a bi shawarar malamin asibiti. In ya kai 180 bisa 110, kada a fara gudu sai an sha magani ya sauka. In da hali a gwada sukari ma.

Na biyu, mai ciwon zuciya, ko mai jin ciwon ƙirji in ya hau tudu, ko mai kumburin ƙafa, ko wanda gwiwa ta riga ta dame shi, da mace mai ciki, su fara ganin likita. Wani za a ce masa ya tsaya a kan tafiya kawai, kuma tafiyar ma riba ce babba.

Na uku, takalmi. Kambas na gwanjo ya isa, in ya zauna daidai a ƙafa kuma an sa safa. Silifa da takalmin roba suna jawo tuntuɓe da kanta. Mai ciwon sukari ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowace rana, domin ƙaramin rauni yakan zama gyambo, kuma ya riƙe ɗan abin zaƙi a aljihu ko da sukari zai faɗi.

Yadda ake farawa

Wanda ya daɗe a zaune ya fara da tafiya da sauri, minti 20 zuwa 30, har mako biyu ko uku. Bayan haka akwai tsarin da hukumar lafiya ta ƙasar Birtaniya take koya wa masu farawa, na mako tara, sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. A makon farko za ka yi tafiya minti 5 don jiki ya ɗumama. Sai sassarfa minti ɗaya, tafiya minti ɗaya da rabi, kana maimaitawa har minti 20, sannan ka rufe da tafiya. Kowane mako ana ƙara sassarfar kaɗan, ana rage tafiyar, har a mako na tara mutum ya iya minti 30 bai tsaya ba. In mako ya yi maka nauyi, ka maimaita shi. Ba jarrabawa ba ce.

Ga ma'aunin sauri: in kana iya yi wa na kusa da kai magana kana gudu, kana daidai. In haki ya hana ka gama magana, ka rage. Dalilin bin sannu shi ne, numfashi yana saba wa da wuri, amma jijiyoyi da gwiwa da idon sawu suna ɗaukar watanni. A mako na huɗu za ka ji kamar ka koma saurayi, nan ne yawancin mutane suke ƙara nisa su ji ciwo. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Ciwon da ke sa ɗingishi kuwa, a huta har ya warke.

A tsaya nan take, a nemi asibiti, in an ji nauyi ko ciwo a ƙirji, ko ciwo yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko zuciya tana bugawa barkatai. Kuma kada wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini ko na sukari ya ajiye shi don ya fara gudu.

A fita da sassafe bayan gari ya waye, ko da yamma in rana ta yi sanyi, musamman da bazara. A sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa, mai asma da mai tari su zauna. Mai zazzaɓi ya bari sai ya warke sarai. A guji bakin babban titi, a guji shiga daji, kuma a gaya wa mutanen gida inda aka nufa. Filin makarantar firamare ya wadatar.

Babban abin da ke hanawa

Bayan abin da ya sami kawuna, na kai ƙanensa awo, shi ma aka ga jininsa ya hau. Yana da shekara hamsin da 'yan kai. Ya fara shan magani, ya fara zagaya fili da sassafe. Ranar farko yara suka bi shi suna ihu. Wata tsohuwa ta tare shi ta ce, “Lafiya, wa ya biyo ka?” Ya faɗa mini ƙafa ba ta taɓa sa shi tunanin bari ba, kunya ce ta kusa. Abin da ya cece shi, wani abokinsa tela ya ce zai raka shi. Mutum ɗaya in yana gudu abin kallo ne, in sun zama huɗu sai a ce masu sannu da ƙoƙari. Yanzu yana minti 30 ba tsayawa, yana shan maganinsa, yana zuwa awo kowane wata.

Saboda haka ga roƙona. Zumuntar maza ta zaɓi safiya uku a mako. Zumuntar mata ta yi nata, kowa da shigar da ta ga ta dace da ita, dogon wando a ƙarƙashin zane ya isa. Maza, kada mu hana matanmu, mu riƙe masu yara na wannan rabin sa'a. Matasa, maimakon dariya ku riƙe wa iyayenku agogo. Dattawa kuma ku gayyato ma'aikacin lafiya ya zo da abin awon jini wata Lahadi bayan sujada, a auna kowa da ya haura arba'in.

Wanda yake so a rubuta masa tsarin mako taran a takarda, ya same ni a bakin ƙofa bayan an tashi.  Allah ya ba mu lafiya, ya kai kowa gida lafiya.