Fuka da tsakar dare

Hunturu ya kama, ƙura ta lulluɓe Konni, Malbaza da Illela, masu ciwon fuka kuwa suna ji a jika. In ta taso da tsakar dare, ƙirji na kuka kamar usur, mutum ya dafa gwiwa, magana ta gagara. Daga ƙauye a ɗora shi kan babur zuwa likita ko asibitin Galmi, iskar hanya tana ƙara shaƙe shi. Maganin sananne ne: Salbutamol na shaƙa da iskar oksijin. Ya kamata kowace cibiyar kiwon lafiya (CSI) ta tanade su, ma'aikacin lafiya mai aikin dare kuma ya fara ba da magani kafin ya nemi takarda.