Hannun Tsohuwar Rigar Sanyi Ma Kuɗi Ne
(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya kafin shigowar hunturu)

 

 Maganar da muka zo da ita yau ƙarama ce a ido, amma ta shafi lafiyar mazanmu da aljihun matanmu. Magana ce a kan tsofaffin rigunan sanyi, wato suwaita, waɗanda ke jibge a gidajenmu da rumfunan 'yan gwanjo.

Tun 1916 da aka kafa unguwar Sabo a nan Badun, kakanninmu ba su yarda da zaman banza ba. Maza na harkar goro da shanu, mata kuwa na sana'a daga cikin gida, yara na kai musu talla. Yau mun yaɗu har nan Ojoo da Sasa, amma halin bai sake ba.

Wasu za su ce, ina sanyin yake a ƙasar kurmi? To, a tambayi ɗan acaɓa da ke fita bayan sallar Asuba a watan Disamba ko Janairu, lokacin da maƙwabtanmu Yarabawa ke kira oye. A tambayi mai gadi, da masu sauke tumatir da albasa a kasuwar Sasa kafin gari ya waye, da yaran mota da ke kwana a kan kaya daga tashar Ojoo zuwa Arewa. Hannu ne ke fara sandarewa, kuma hannun da ya sandare bai kama birki yadda ya kamata. Safar hannu ta kanti tana rufe yatsu, mutum ya kasa ƙirga canji ko jan carbi. Abin da ya dace da su shi ne safa mai rufe wuyan hannu da tafi, ta bar yatsu a waje.

Jama'a, wannan safar tana nan a jikin kowace tsohuwar suwaita. Ga yadda ake fitar da ita.

Da farko a gane irin zaren. A tsinko zare ɗaya a kai shi bakin ashana. In ya yi ƙauri kamar gashi ya ƙone, tokar ta murmushe a yatsa, to ulu ne na gaske. In ya narke ya dunƙule ya yi tauri, zaren roba ne. Ulu na gaske a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a cuɗa shi sosai. Zai tsuke ya yi kauri, ko an sa almakashi ba zai warware ba. Na roba kuwa bai tsukewa, don haka da an yanka sai a kalmashe bakin nan take.

Daga nan a auna inci 8 zuwa 10 daga bakin hannun rigar, a yanke. Bakin nan mai tsukewa shi zai zauna wajen gindin yatsu. A bar inci 2 daga bakin, a farke ɗinkin gefe gwargwadon yadda babban yatsa zai fita, a bi gefen hudar da allura da zare. Shi ke nan. Ba a buƙatar keken ɗinki. Jikin rigar da ya rage, in asu bai cinye shi ba, yana ba da hular yaro ko biyu.

Gargaɗi ɗaya: mai shayi da mai tsire da mai tuya kada su sa ta roba kusa da wuta, domin narkewa take yi ta manne wa fata. Su a ɗinka musu ta ulu.

Akwai wani dalilin kuma. Dilolin gwanjo da ke shigowa ta Kwatano, daga ƙasashen sanyi aka tattaro su, shi ya sa suwaita ke yin kwantai a hannun 'yan kasuwarmu. Wadda ta huje takan ƙare a bola, ruwa ya ja ta cikin kwata ta toshe. Dattawanmu ba su manta ambaliyar Ogunpa ta 1980 ba, mu kuma mun ga ta watan Agustan 2011. Ba mu ce tsumma ne kaɗai sanadi ba, amma duk wanda ya taɓa yashe kwata ya san abin da yake fiddowa.

Don haka ga roƙonmu. 'Yan gwanjo su ware wa ƙungiya rigunan da suka ƙi sayuwa, a kan farashin rangwame ko fisabilillahi. Iyayenmu mata da suka iya saƙa su koya wa zawarawa da matan da ke riƙon marayu, su ne za a fara ba kayan. Mu maza kuma mu saya, mu biya nan take, ban da "sai na dawo". Wanda zai je gida ganin dangi ya riƙa wa almajirai da tsofaffi ko guda biyar, don sanyin Kano da Katsina ya fi namu cizo.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kowa ya koma gida yau ya buɗe adakarsa, ya kawo abin da ya samu ranar taro mai zuwa.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya bar zumunci.