Ɗan kamashon ƙarya a cikin na'ura: jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikata



Duk wanda ya taɓa shiga tashar Maraɗi ya san aikin ɗan kamasho: fasinja ya faɗi garin da za shi, shi kuwa ya nuna masa mota. Intanet ma tana da nata ɗan kamashon, ana ce masa DNS. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan mutum ya rubuta sunan bankinsa, DNS ne ke gaya mata lambar gidan. To, akwai wata cutar kwamfuta da ba ta fasa kome, ba ta goge kome. Korar ɗan kamashon gaskiya take yi, ta tsayar da na ɓarayi a gurbinsa. Mai na'ura ya rubuta suna daidai, amma a ɗora shi motar wani gari.

Wadda ta fi yin suna ita ce DNSChanger. Wani kamfani ne mai suna Rove Digital, a birnin Tartu na ƙasar Istoniya, ya riƙa yaɗa ta tun daga 2007. Sai a ce wa mutum bidiyon da yake son kallo ba zai buɗe ba sai ya sauke wata ƴar manhaja. Da hannunsa yake shigar da cutar. Ta kama kwamfuta wajen miliyan 4 a ƙasashe fiye da 100, har da na hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA. Mai neman shafin hukumar harajin Amurka sai ya tsinci kansa a na wani kamfani mai cike wa mutane takardun haraji. Kowane fasinjan da aka karkatar, masu talla na biyan lada, har aka tara aƙalla dala miliyan 14. Abin da ya fi muni, cutar na hana manhajar rigakafi sabuntawa, wato ta bar ƙofa a buɗe ga kowane ɓarawo.

A watan Nuwamba na 2011 aka kama mutum shida a Istoniya, bisa binciken hukumar FBI. Shugabansu, Vladimir Tsastsin, kotun Amurka ta ɗaure shi wata 87 a 2016. Amma ga abin lura: da an kashe na'urorin ɓarayin ranar kamen, da miliyoyin mutane sun rasa intanet nan take, domin kwamfutocinsu ba su san wani ɗan kamasho ba sai wannan. Dole kotu ta sa aka kafa na'urori masu tsabta a madadinsu, har zuwa 9 ga Yuli 2012, yayin da Google da Facebook ke gargaɗin waɗanda suka kamu.

Wani zai ce wannan zancen Turai ne, nan wayar hannu ake riƙewa. Ai ɓarayin sun riga shi tunani. A 2018 an gano akwatunan wifi sama da 100,000, akasarinsu a Burazil, da aka sauya musu DNS don kai mutane shafukan banki na jabu a kwashe lambobin sirrinsu. Da yawa an shiga su ne saboda ba a taɓa canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba. Akwati ɗaya a ofishin magajin gari ko a shagon buga takardu ya isa ya ɓatar da duk wayar da ta jona da shi, ta malamin makaranta ce mai duba albashi, ko ta Alhaji mai jiran kuɗin wake da gero.

Nijar ta kafa dokar yaƙi da laifukan intanet a 2019. Sai dai abin takaici, an fi jin sunanta wajen kamen masu faɗin albarkacin baki, kamar ƴar jarida Samira Sabou da aka tsare a 2020, ba wajen faɗakar da talaka ba.

Saboda haka tsaron ya koma hannun mai na'ura. Duk ofishin da ke da akwatin wifi ya canza kalmar sirrinsa, ya sa masani ya duba lambar DNS da ke ciki. Shafin da ya ce sai an sauke wani abu kafin a ga bidiyo, a rufe shi. Idan kuwa na'ura ta yi gargaɗi cewa shaidar shafin banki ba ta inganta ba, kada a danna a wuce; a ajiye waya, a je reshen da ƙafa.