Iska a Cikin Man Gas: Jawabi a Kan Tayar da Injin Katafila



Na san waɗansunku sun yi murmushi da suka ga kan wannan jawabi a allon sanarwa, don kuwa maganar siyasa da ta adabi aka saba ji a wannan zaure, ba ta baƙin mai da sifana ba. To, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni mutumin Maradun ne, a wurinmu kuwa katafila ba baƙuwa ba ce. Tsakanin 1974 da 1978 wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan kogin Sakkwato, wadda ke iya tare ruwa har kubik mita miliyan 450. Ruwan ya cinye gonaki da gidaje, kuma cikin watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyya, aka yi hasarar rayuka da yawa. Da wannan tsada aka sayi ruwan da ke bin magudanai zuwa gonakin Maradun da Talata Mafara da Bakura. Magudanan nan kuwa laka da ciyawa kan toshe su, manyansu ba sa yasuwa sai da katafila mai haƙa. Ranar da ta tsaya, shinkafar manomin da ke can ƙarshen layi ita ke kwana da ƙishirwa.

Na ga haka da idona a wani hutun rani, sa'ad da na raka wani dattijon makanike wurin wata katafila da ta mutu a bakin magudana. Mai ne ya ƙare mata tana cikin aiki. Direba ya zuba jarka biyu, ya yi ta murɗa makulli har batir ya mutu, daga nan ya yanke hukunci cewa babban famfo ya lalace, sai an aika Gusau. Dattijon bai yi musu ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, matso ka gani. Ba ta da ciwon kome, iska ta sha."

Ga abin da yake nufi. Injin da Rudolf Diesel, Bajamushe, ya yi nasarar tayarwa a garin Augsburg cikin 1897 ba shi da fulogi irin na injin fetur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har zafinta ya wuce digiri 500, sa'an nan babban famfo ya tunkuɗo man gas ta cikin nozil da ƙarfin gaske, ya fita kamar hazo, ya kama wuta da kansa. Nozil kuwa ba ya buɗewa sai ƙarfin turin ya kai wani mizani. Man gas ruwa ne, ba ya matsuwa. In an tura shi nan, take ya motsa can. Iska kuwa tana matsuwa ta koma kamar soso. Saboda haka in kumfar iska ta shiga bututu, famfo zai yi ta dannawa, kumfar tana shanye ƙarfin, nozil ya ƙi buɗewa. Takan shiga in tanki ya ƙafe, ko an sauya filta, ko tiyo ya tsage.

Bayan an aro batir, dattijon ya fara da zubar da ruwan da ya taru a gindin filtar farko, watau wadda ke raba ruwa da mai. Ya sassauta ɗan notin fitar da iska da ke bisa kan filta, ya kwance hannun ƙaramin famfo, ya ce in yi ta dannawa. Da fari kumfa ta yi ta fitowa fari fat, tana tsartuwa kamar ta sabon nono. Na gaji, na ce ai ya isa, ya ce sai mai ya fito garau ba ƙwayar kumfa ko ɗaya. Da hakan ta samu ya ɗaure notin tun ina kan dannawa, don kada iska ta koma. Haka muka yi a jikin babban famfo. Daga ƙarshe ya ɗan sassauta notocin bututun nozil guda biyu, aka murɗa makulli har mai ya tsarto, ya ɗaure. Injin ya yi tari sau biyu, ya tuɗo farin hayaƙi, ya kama.

Lalle ne in ja kunne a nan. Wannan mataki na ƙarshe na tsofaffin injuna ne kawai. Sababbi, masu aiki da kwamfuta, suna riƙe mai da ƙarfin da ya ninka nauyin iskar duniya kamar sau 2,000, tsartuwarsa tana huda fata ta shiga nama, har ta kai ga yanke yatsa. Ba a taɓa bututunsu. Da yawansu ma famfon lantarki ke fitar da iskar in an buɗe makulli an jira. Kada kuma a riƙe sitata fiye da daƙiƙa 30 ba a bar ta ta huce minti biyu ba. Al'adar nan ta cika sabuwar filta da mai daga jarka kuwa, ko da yake tana rage wahala, tana kai datti inda filta ba ta tace shi ba.

Abin da ya dame ni, 'yan'uwa, shi ne na ci jarrabawa a kan yadda injin nan ke aiki, na zana shi a takarda, amma ran nan ban san inda notin yake ba. Wanda ya nuna mini kuwa iyakarsa makarantar allo. Don haka nake roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta nemo mana tsohon injin gas ko da na niƙa ne, ta gayyato makanike daga cikin gari kowace Asabar, a biya shi ladansa kamar yadda ake biyan baƙon malami. Na kawo takarda, mai so ya rubuta sunansa kafin a tashi. Sifana mai lamba 10 da mai lamba 17 ni zan kawo.